Hoton Malama Hajo a Shafin Caca

Duk wanda ya san Yakasai ya san gidan Malama Hajo, in ma bai san gidan ba to ya san muryarta, don in tana gyara wa ɗaliba karatu har bakin layi ana jiyowa. Shekara ashirin da shida tana karantar da matan aure a tsakar gidanta, daga Asabar zuwa Laraba, ƙarfe goma na safe har a kira azahar. Gajeriyar mace ce mai faɗa, mai saurin hucewa. Mijinta ya rasu ya bar mata gida da 'ya'ya biyu, Sa'ida da Nazeer, bai bar gona ko shago ba. Abin da Malama ta mallaka a duniya sunanta ne, saboda shi magidanta ke barin matansu su fito su zo wurinta, kuma ta fi kowa sanin haka.

Ranar wata Litinin, mata sun watse, tana zaune tana tsintar shinkafa, sai saƙo ya shigo wayarta daga lambar da ba ta sani ba. Ta goge hannu ta buɗe. Hotonta ne, ita ce da hijabinta ruwan ƙasa, tana riƙe da katin ɗan ƙasa a gefen kumatunta. A ƙarƙashi akwai rubutun Turanci da wasu lambobi jere, sai kuma saƙon murya. Ta danna.

"Salamu alaikum Hajiya Malama," in ji wata murya ta namiji, cikin ladabi kamar mai neman addu'a. "Ashe ke ma kina taɓawa? Ga rajistarki nan a shafin caca na Sa'arka, da duk wasannin da kika buga. Mun ba ki zuwa Asabar da safe. In ba ki turo abin da muka rubuta ba, za mu watsa hoton nan a duk gurup ɗin matan Yakasai, mu kai wa Hisba ma su gani."

Sau uku ta saurara. Caca! Ita da ko ludo ba ta yarda a shigo mata da shi gida ba. Amma hoton gaskiya ne, har ta tuna ranar da aka ɗauke shi. Bara ne, bayan babbar sallah, Nazeer ya tsayar da ita a jikin bangon nan na kicin ya ce gwamnati za ta raba tallafi ga matan da mazajensu suka rasu, sai an yi rajista da hoto. Har tana yi masa faɗa wai ya bari ta gyara hijabi. Tallafin bai taɓa zuwa ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba, don wa ke mamaki in tallafi bai zo ba?

Ta kira Sa'ida. Ita ce babba, tana aure a Ƙofar Kabuga, tana aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin magunguna. Kafin la'asar ta sauka daga adaidaita sahu, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta karɓi wayar ta duba, fuskarta ta sauya.

"Umma, caca ce, amma ba irin ta karta da ake yi a kango ba. A waya ake yin ta, da kuɗin intanet da ake kira kirifto. Ba ya bi ta banki, shi ya sa masu yi ke ganin babu mai kama su. Amma kafin shafin ya bar mutum ya cire abin da ya ci, sai ya tura hotonsa riƙe da kati. Wani ne ya yi wasa da sunanki."

"Wani?" in ji Malama. "Kira min Nazeer."

Nazeer yana tsare shagon huluna na wani Alhaji a Kurmi, yana da mata da 'ya ɗaya, a ɗakin ƙofar gida suke zaune. Auta ne, kuma gaskiya Malama ta shagwaɓa shi, ko ita ba ta musu. Ya shigo da fara'arsa, yana ganin fuskar yayarsa da wayar a hannunta ya nemi ƙasa ya tsuguna.

"Wallahi Umma na daina tun kafin azumi."

"Ban tambaye ka yaushe ka daina ba. Me ya sa fuskata?"

Sai da Sa'ida ta daka masa tsawa. Sannan ya fara, murya ƙasa-ƙasa. Wai Mikail ne, wakilin shafin a Jakara, ya ce kowa haka yake yi. In ka sa sunanka wata rana abu ya fito, ubangidanka ya kore ka, surukai su ji. Amma tsohuwa, wa zai bincika? Kuma shafin ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa bayanan mutane a kulle suke, ko ma'aikatansu ba sa iya gani.

"Sun rubuta," Malama ta maimaita. "'Yan caca sun rubuta, kai kuma ka yi imani. Kai, Allah ya shirye ka, Nazeer! Ka ji tsoron Alhaji, ka ji tsoron surukai, ni ce ba ka ji kunyata ba?"

"Zan sayar da babur ɗina in biya su, Umma. Yau ɗin nan."

"Ba za ka biya ba," in ji Sa'ida. "In ka ba su yau, wata mai zuwa za su dawo. Hoton ba ya ƙarewa a hannunsu, kuɗinka ne zai ƙare."

Malama ta kawar da kai ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Daga wannan lokacin ba ta ƙara ce masa uffan ba, ko gaisuwarsa ta asuba da kai take amsawa.

Washegari ta yi karatu kamar kullum, sai dai sau biyu ɗalibai suna tuna mata inda aka tsaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Ana idar da azahar ta zura hijabi, ita da Sa'ida suka bi lunguna zuwa Jakara. Shagon Mikail ɗan ƙarami ne, a tsakanin mai sayar da tasoshi da mai gyaran keken ɗinki. A fili cajin waya yake yi da cire kuɗi, sauran kuma sai wanda ya sani. Yana ganinsu ya miƙe yana zuba gaisuwa. Da Sa'ida ta nuna masa hoton, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa bai san komai ba.

Malama ba ta yi musu da shi ba. Ta ja bencin da ke ƙofar shagon ta zauna, ta fito da carbinta. To, a cikin birni mace irin Malama Hajo ba ta zama a ƙofar shago a banza. Mai tasoshi ya leƙo ya gaishe ta. Wani dattijo mai wucewa ya tsaya, "A'a, Malama, lafiya dai?" Ta ce, "Lafiya ƙalau, ina jiran yaron nan ne ya tuna wata magana." Kafin rabin awa mutum biyar sun tsaya sun tambaya, kowanne ya tafi yana waiwayen Mikail. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Hajiya, don girman Allah ki shigo ciki," ya ce a ƙarshe.

A ciki ya faɗi gaskiya. Wata huɗu ke nan da masu kutse suka shiga rumbun bayanan kamfanin suka kwashe hotuna da katuna da lambobin waya. Kamfanin ya sani tun makon farko. Ya aiko wa wakilansa saƙo cewa duk wanda ya tambaya a ce masa gyaran manhaja ake yi, kada wanda ya ambaci kutse, wanda ya ambata an cire shi.

"Wata huɗu!" in ji Sa'ida. "Da sun faɗa tun lokacin, da mutane sun shirya, sun rufe abin da za su rufe. Ba sa tsoron a kai su ƙara?"

Mikail ya sunkuyar da kai. "Manajanmu cewa ya yi daga Kano babu mai kai ƙara. Duk wanda ya buɗe baki ai ya tona wa kansa asiri cewa ɗan caca ne."

Wannan maganar ta fi saƙon muryar yi wa Malama ciwo. Wato da kunyar mutane aka yi lissafi, da kawaicinsu. Ta tambaye shi mata nawa aka yi wa rajista ta hannunsa da sunan tallafi. Ya ce ba zai iya ƙirgawa ba, amma sun haura sittin, iyaye da matan aure da gwaggwanni. Sa'ida ta ce ya turo mata saƙon nan na kamfani. Ya ce a'a, ina, abincinsa ke nan.

Malama ta ƙura masa ido. "Kai ba ɗan Zinariya mai ƙosai ba ne?"

"Ni ne, Hajiya."

"Katinta fa? Yana ciki?"

Ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya ɗauki wayarsa ya tura wa Sa'ida saƙon.

A hanyar komawa Sa'ida ta faɗa mata abin da ta riga ta gane da kanta. Ƙarfin mutanen nan ɗaya ne, asirin da suke riƙe da shi. In Malama ta riga su faɗa, ba su da sauran abin sayarwa. Faɗar hakan a hanya da sauƙi. Amma da Malama ta zauna ita kaɗai bayan magariba, sai ta ga inda wuyar take. In ta tsaya gaban mata ta ce ba ita ba ce, tambayar da za ta biyo baya ita ce to waye? Kuma ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ta, duk unguwa ta sani. Ita da ta shekara ashirin da shida tana koyar da cewa musulmi ya rufa asirin ɗan'uwansa, ita ce za ta tona na ɗan cikinta don ta wanke kanta? In kuwa ta yi shiru, ranar Asabar hotonta zai shiga kowace waya, magidanta su hana matansu zuwa, makarantar ta mutu da sunanta tare.

Kada in yi muku ƙarya, sai da ta buɗe akwati ta fito da 'yan kunnen gwal ɗin da ta sayo a Makka, ta auna su a tafin hannu. Ta ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fito da gawar mijinta. Abin da ya sa ta mayar da su shi ne maganar Mikail, mata sun haura sittin. Ita tana da 'yar da ta san kwamfuta ta fahimtar da ita. Sauran fa? Kowacce tana ɗakinta tana zaton ita kaɗai ce. Ta rufe akwatin ta kira Sa'ida ta ce gobe ta nemi izini a wurin aiki ta zo. Za ta faɗa, amma ba za ta ambaci sunan kowa ba.

Laraba mata kusan arba'in suka cika tsakar gida. Malama ta bar su suka zauna, aka yi addu'ar buɗewa, sannan ta ce a rufe littattafai.

"Yau ni ce karatun," ta ce. "Ga wayata, kowa ta duba ta miƙa wa ta kusa da ita."

Wayar ta fara yawo hannu zuwa hannu. Ta sa Sa'ida ta kunna saƙon muryar kowa ya ji. Wata ta ce "Inna lillahi," wata ta rufe baki da hijabi. Malama ta yi musu bayani tiryan-tiryan, yadda aka ɗauki hoton da sunan tallafi, yadda aka yi caca da shi ba ta sani ba, yadda ɓarayi suka sace shi daga kamfanin, kamfanin kuma ya yi gum wata huɗu. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ƙarƙashin hijabi ta damƙe carbinta har yana yi mata zafi.

Akwai wata Hadiza tela a sahun gaba, mace mai kirki amma bakinta ba ya riƙe tambaya. Ta ce, "To Malama, mu dai mun san ba za ki aikata ba. Amma mazajenmu za su tambaya. Waye ya ɗauki hoton?"

Ga tambayar nan ta zo. Malama ta buɗe baki za ta ce wannan tsakaninsa da Allah ne, sai aka yi sallama daga zaure. Namiji ba ya shiga tsakar gidan nan in ana karatu, ko ɗan gida ne, iyakarsa bayan labulen da ke ƙofar zaure. Daga can muryar ta fito.

"Ni ne, iyayena. Nazeer ne."

Ashe bai je kasuwa ba, tun safe yana zaure yana ji. Ya ci gaba. "Ni na yaudare ta na ce tallafi ne. Ni na yi cacar, ba ta san komai ba sai shekaranjiya. Duk wadda mijinta ya tambaya ta ce Nazeer ɗan Malama ne, in yana so ya zo ya same ni a Kurmi in maimaita masa. Ku yafe min, ku roƙa min Umma ta yafe min."

Malama ba ta juya ta kalli labulen ba. Hawaye ne suka zubo mata, ta bar su, ba ta share ba. Ta ji kunya, ta ji takaici, kuma a ƙarƙashin duk wannan ta ji wani sanyi a ƙirjinta, don yau ne karon farko da autan nata ya ɗauki kayansa da kansa. Ta gyara murya.

"Kun ji nawa. Yanzu ina tambayarku, kuma babu mai yi wa wata dariya a gidan nan. Wacece a cikinku aka taɓa ɗauka hoto da kati a gefen fuska, aka ce mata tallafi ne ko rancen gwamnati?"

Da farko babu wadda ta motsa. Sai hannu ɗaya ya tashi daga can baya, a hankali. Sai na biyu. Hadiza tela da kanta ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Ƙanin mijina!" ta ɗaga nata. Sa'ida ta ƙirga hannu goma sha ɗaya.

Wadda ta fara ɗagawa Ladi ce, mai sayar da zogale, mace mai shiru-shiru da ke zama kusa da randa. Ita ba ta sauke hannun ba, sai ta fashe da kuka. Wata uku ke nan suna kiranta. Ta sayar da akuyarta ta ba su, suka dawo. Ta sayar da keken ɗinkin da ta gada, suka dawo. Ba ta faɗa wa kowa ba, har ta fara shirin daina zuwa makaranta don kada ranar da hoton zai fito ta haɗa ido da Malama.

"Na zaci ni kaɗai ce," ta yi ta maimaitawa. "Wallahi na zaci ni kaɗai ce."

Malama ta taka har inda take, ta tsuguna ta riƙe ta. Sannan ta miƙe, faɗan nan nata ya dawo gaba ɗaya. "To sun yi kaɗan! Daga yau ko sisi kada wadda ta ƙara ba su. Sa'ida, zo ki faɗa musu abin da za su yi."

Sa'ida ta faɗa musu. Kada a goge saƙon ɓarayin, shaida ne. A je banki a sanar, don mai katinka da hotonka yana iya cin bashi da sunanka. A rubuta sunaye a kai ƙara wurin hukuma a tare, a haɗa da saƙon da kamfanin ya aika wa wakilansa. Sannan Malama ta karɓi waya ta yi saƙon murya na minti uku, ta faɗi sunanta da unguwarta da abin da ya same ta, ta ce duk macen da aka yi wa haka kada ta biya, kada ta ɓoye, laifin ba nata ba ne.

Ku kun san matan cikin birni da saƙon murya. Kafin la'asar ya shiga gurup ɗin biki da na adashi da na 'yan Islamiyya, kafin magariba wata ƙawar Malama ta kira daga Zariya tana tambaya. Ranar Alhamis wani gidan rediyo ya karanta saƙon kamfanin kalma-kalma, har wurin da aka ce a ce wa mutane gyara ake yi. Ranar Juma'a kamfanin da ya yi wata huɗu bai ga dalilin magana ba ya fitar da sanarwa da dogon Turanci, wai yana baƙin cikin sanar da abokan hulɗarsa cewa an samu kutse. Baƙin ciki fa! Mikail ya ce a ranar kaɗai samarin da suka zo a rufe musu rajista sun fi waɗanda ya yi wa a wata uku, shi ma ya sauke allon shafin ya koma cajin wayarsa.

Amma ba a ci nasarar nan kyauta ba. Alhaji ya kira Nazeer ya karɓe mukullin shago, ya ce ya je ya huta sai ya neme shi. Kuma magana ta dawo wa Malama cewa a wasu majalisu ana cewa wadda ta kasa tarbiyyar ɗanta me za ta koya wa matan mutane? Wani magidanci ma an ce ya rantse matarsa ta gama zuwa. Kwana biyun nan na hutu Malama ba ta ci abincin kirki ba. Hoton ya daina ba ta tsoro, Asabar ce take ba ta tsoro, ranar da za a ga ko akwai sauran masu zuwa.

Asabar da safe ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarmi shida kamar kullum, ta zauna a kan buzunta. Goma saura kwata babu kowa, alhali a irin wannan lokacin mutum goma sun zo. Goma saura biyar babu kowa. Ta buɗe littafi tana kallon shafin ba ta ganin baƙi ko ɗaya.

Sai ta ji hayaniya a layi, kamar ta 'yan kai amarya. Hadiza tela ce ta fara ɗaga labule tana haki. "Malama, ki yi haƙuri mun makara. A bakin layi muka tsaya muna nuna wa baƙi gida."

Suka fara shigowa. Ɗalibanta na kullum, ban da mutum biyu ko uku, sannan wasu fuskokin da ba ta taɓa gani ba, daga Jakara, daga Ƙofar Kabuga, daga unguwannin da sai an hau mota. Tsofaffi da sanduna, matasa da goyo, kowacce da waya a hannu da saƙon muryar mutumin nan mai ladabi. Zinariya mai ƙosai ma ta zo, ta riƙe hannun Malama. Tabarmi suka cika, aka zauna a kan dakali, a bakin rijiya, a ƙofar kicin, wasu na tsaye a zaure.

Ana cikin neman wurin zama wayar Malama ta yi ƙara. Lambar nan ce. Ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta sa Hadiza ta buɗe mata lasifika.

"Hajiya Malama, lokaci ya cika," in ji muryar. "Ba mu ga saƙo ba. Kin san abin da zai biyo baya."

"Na sani, ɗana," in ji Malama. "Matan Yakasai za ka tura wa ko? To ga su nan a gabana, har da na Jakara, duk sun gani tun Laraba. Ku gaishe shi mana, ya yi ta wahalar kira."

Kai, ranar gidan nan ya ji murya! Mata sama da tamanin suka ɗauka a tare, masu Allah ya isa na yi, masu dariya na yi, wata tsohuwa daga baya ta rangaɗa guɗa. Ladi, Ladin nan da ba a jin muryarta, ita ta matso kusa da wayar ta ce, "Akuyata da kekena, za ka biya su gaban Allah!" Da hayaniyar ta lafa aka duba, tuni ya kashe.

Malama ta zauna tana dariya tana share ido da gefen hijabi. Daɗi ya cika ta har ba ta san inda za ta sa shi ba. Sai aka yi sallama a bayan labule, hannun namiji ya turo tabarmi biyu naɗaɗɗu ta ƙasa, na aro daga maƙwabta. Ta gane hannun. Ta dubi tabarmin, ta dubi matan da ke tsaye har zaure.

"Nazeer!" ta ɗaga murya.

Daga bayan labulen ya amsa, "Na'am, Umma."

"Biyu me za su yi mana? Ba ka ga jama'a ba? Koma ka ƙaro, kuma ka yi sauri, karatu za mu fara."